Allurar da Ta Sha Rana

"Ke wa za ki kira in lokacin ya yi?"

"Ji ki da wata tambaya. Wa kowa ke kira yanzu?"

"To tsohuwar fa? Ita ta yanke miki cibiya fa."

"Ta yanke, na gode mata. Cibiya dai ta warke tun tuni, ni yanzu jinina nake ji. Allurarta ta zama ruwa, kowa ya sani. Hannun ya huce."

"Rage murya, ƙofar nan ba ta rufuwa sosai."

"Ba ta ji. Kunnen ma ya bi hannun."

Doña Zenobia Callisaya tana ji sarai. Tana bayan ƙofar da ba ta rufuwa ɗin, tana naɗe auduga, kuma kunnenta lafiyarsa ƙalau. Da murya kaɗai ta gane mai maganar, ta tuna ranar da ta fito da ita duniya, har ta tuna da ƙafa ta zo, shuɗiya, sai da aka yi ta busa mata iska a baki kafin ta yi kuka. Ga shi yau bakin ya buɗe da kyau. Ba ta tura ƙofar ba. Ta ci gaba da naɗin audugar har ta naɗe wadda ba za a nema ba sai watan gobe.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana aiki a ɗan asibitin Wilapampa, ɗaki biyu da baranda da dogon bencin da mata ke jira a kai. 'Yar ungozoma ce. Tun tana kiwon tumaki da lama, 'yan raƙuman nan marasa tozo, a bayan tudu, uwarta kan aiko a kira ta ta zo ta riƙe ƙugun mai naƙuda. Daga baya ta yi wata tara a birnin Oruro tana koyon aikin jinya, ta dawo da farar riga wadda take ɗorawa a kan siket ɗinta masu hawa uku, hularta kuwa ba ta taɓa cire ta don wani likita ba. Mijinta, Don Saturnino, mai haƙar kuza ne, ƙurar rami ta cinye masa huhu tun ɗansu ɗaya tilo yana firamare. Ba ta sake aure ba. Ta ce ba ta da lokacin dafa wa namiji abinci alhali rabin garin na jiran ta da ciki.

Abu ɗaya ta gada wurin uwarta wanda makaranta ba ta iya kankarewa ba: sanyi shi ne abokin gabar mai jego. Macen da ta haihu jikinta a buɗe yake. Ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta riƙe ƙarfe, ba a barin iska ta same ta. Saboda haka da aka fara kawo allurar tsayar da jini bayan haihuwa, wadda a jikin kwalinta aka rubuta ergometrin, matan Wilapampa suka ce a kai kasuwa. Ruwa mai sanyi, ta cikin ƙarfe mai sanyi, a jikin mai jego? Wasu har ɓoye naƙuda suke yi don kada a zo musu da ita.

Zenobia ce ta sasanta su da allurar. Ta samo wani ɗan farantin tangaran mai zanen fure, ta jera 'yan kwalaben a kai, ta ajiye a bakin tagar asibitin inda rana ke leƙowa. In za ta yi wa mace allura, sai ta fara ɗora mata kwalbar a kumatu, ta ce, "Ji nan, da ɗuminta." Macen ta ji, ta juya cinya. Da wannan farantin aka daina binne mata a kan zubar jini a garin, kuma babu wanda ya isa ya musa. A wancan zamanin kwalaben masu duhu ne, ruwan ƙasa, tagar ƙarama ce, haihuwa kuma ba ta yankewa. Kwalba ba ta yin kwana uku a faranti ba a fasa ta ba.

Sai ga Nélida Tarqui. Shekara biyu ke nan da aka turo ta, yarinya 'yar ashirin da bakwai, da takardar babbar makaranta da ɗan jan babur. Zenobia ta so a ce ba ta jin Aymara, yaren garin, ta so a ce mai yatsina ce, ta so a ce tana toshe hanci in ta shiga ɗakin da ake kwana da tumaki. Ko ɗaya. Yarinyar tana gaishe da kowa, tana zama a ƙasa, tana cin busasshen dankali da hannu, tana sa tsofaffi dariya. Babu inda za a kama ta, kuma wannan shi ya fi komai ciwo.

A satinta na farko ta ga farantin. Lokacin an riga an daina kawo kwalabe masu duhu, sai farare masu nuna abin da ke ciki. A gaban mata huɗu da ke zaune, Nélida ta kwashe su, ta mayar cikin kwalinsu, ta sa a firji.

"Doña, wannan maganin ba ya son haske."

"Mamita," in ji Zenobia, kamar mai kiran ƙaramar yarinya, ko juyowa ba ta yi ba, "ranar da na fara ajiye shi a nan, ke ma ba ki ga haske ba."

Matan suka kwashe da dariya, Nélida ma ta yi 'yar tata. Zenobia ta ci wannan ranar. Amma da yamma ta naɗe farantinta cikin mayafi ta tafi da shi gida, ba wanda ya gani. Daga nan duk kwalaben da ta ɗiba don zuwa haihuwar gida, can take kai su. Ɗanta Wilber, da ke tuƙin mota a birni, ya riga ya sa mata rufin roba mai shigar da haske a kan ɗan zauren gidanta don ta riƙa shan ɗumi. Daga fitowar rana har faɗuwarta wurin fayau yake. A nan farantin ya sami mazauni, kusa da tukunyar furenta, ta ce a ranta: to, a zo nan ma a kwashe.

Ita Nélida nata salon daban. Tana da wani tsohon gwangwanin alewa, a cikinsa akwai baƙar safa ta ulu, a cikin safar kwalabe. In ta ga naƙuda ta kankama sai ta zaro ɗaya ta cusa a hammatarta, ta ci gaba da aiki. Zenobia ce ta raɗa wa abin suna, allurar hammata, ta kuma tabbatar sunan ya zaga kasuwa. Ya zaga ɗin. Sai dai kafin shekara ta juyo, sunan da ta yi don ba'a ya koma kirari. Sai ka ji miji ya zo a guje yana haki, yana cewa matarsa ta ce mai allurar hammata take so.

Abubuwa suka haɗu. Aka shimfiɗa kwalta har Oruro, masu hali suka riƙa tafiya can su haihu. Ragowar kuma suka rabu biyu, kuma rabon bai zo daidai ba. Kwalaben Zenobia suka fara yin sati biyar, sati shida a ƙarƙashin rufin nan suna jira. Ruwan cikinsu ya fara juyawa, daga fari zuwa fatsi-fatsi, daga nan ya koma kamar shayin da aka tsoma ganye sau ɗaya aka cire. Ta ga launin, ya kuwa burge ta. A wurinta ɗumin rana ne ya ratsa maganin har ya nuna, kamar yadda komai ke nuna a rana. Ta kan ɗaga kwalba ta duba, ta ce ta yarinyar can ɗanya ce.

Daga nan haihuwa uku suka zo mata a jere, kowacce da nata tashin hankalin. Ta yi allura, jini bai tsaya ba. Biyu ta ceto su da hannunta, tana murza mara har kafaɗunta suka riƙe, tana sa jariri a nono, tana kiran sunan kowane waliyyi da ta sani. Ta ukun sai da aka kwantar da ita a bayan motar ɗaukar dankali zuwa Oruro, aka ƙara mata jini, ta dawo fari fat kamar cuku. Ba wadda ta mutu. Amma a wannan watannin Nélida ta karɓi goma sha ɗaya, ko ɗaya ba a ji labari ba. Mata kuwa sun iya ƙirga.

Zenobia ma ta iya. Ta ƙirga cuku da ƙwan da ake ɗaure wa yarinyar a bayan babur, irin waɗanda da a ƙofarta ake ajiyewa. Ta ƙirga jarirai: a shekara talatin da ɗaya, yara huɗu aka sa wa suna Zenobia, ɗaya ma iyayenta sun koma Ajantina da ita. A shekara biyu an riga an yi Nélida uku, har da wadda uwarta Zenobia ce ta yi mata awon cikin tun daga wata na biyu. In ta ji ƙarar babur ɗin nan ya doso, sai ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji kamar ta haɗiyi dankali bai dahu ba.

Ta tabbata da wata a ƙasa. Ranar da Nélida ta tafi rigakafi ƙauyukan tudu, ta buɗe firjin ta juye kwalin, tana neman shaidar cewa yarinyar na ɓoye mai kyau tana bar mata saura. Kwali ɗaya ne, lamba ɗaya, ranar lalacewa ɗaya. Ta mayar da su ranta a ɓace, don ta so ta samu. Ta je har wurin wani tsoho mai duba da ganyen koka. Ya watsa ganyen a kan ƙyalle, ya daɗe yana kallo, ya ce yana ganin hassada mai nauyi a cikin asibitin nan, tana cin mutum ɗaya kullum. Zenobia ta ce ai dama ta sani. Ta dawo gida da sauƙin zuciya, ba ta tambaye shi ko wa ake ci ba.

Abin da ya karya ta shi ne cikin Marcelina. Ita ta karɓi Marcelina ranar da aka haife ta, ita ta riƙe ta a coci ranar baftisma, ita ta fara sa almakashi a gashinta ranar askin fari. Marcelina ba ta taɓa kiran ta da wani suna ba sai madrina, wato uwar baftisma. Cikin fari ne, kuma tun yana wata uku Zenobia ta saƙa hula da safa, ta ware kwalba mafi launi a farantin ta ce wannan ta 'yarta ce.

Uwar Marcelina, Dionisia, wadda baftismar nan ta sa suke kiran juna comadre, ita ta zo da maganar. Ta zauna a zauren, ta sha shayi kofi biyu, ta yi zancen ƙanƙarar da ta ɓata dankali, ta yi zancen ciwon gwiwa, ta yaba furen, har ta yaba farantin. Sai da ta miƙe za ta tafi, tana gyara mayafi, ta ce surukinta, mijin Marcelina, ne ya dage, ba su ba. Wai a bar madrina ta huta, ta zo ta zauna a matsayin uwa, Nélida ta yi wahalar.

"Na gaji ne na ce muku?" in ji Zenobia.

"A'a, comadre, wa ya isa. Mutane ne dai da baki."

"Bakin wa? Naki?"

Dionisia ta ce tukunya na kan wuta, ta fita da sauri.

Naƙudar ta zo ranar wata Talata da hantsi. Ba a aiko mata ba, ƙarar babur ta ji ya nufi unguwar su Marcelina. Ta sa farar rigarta, ta ɗauki kwalbar nan da ta ware, da ɗuminta, ta jefa a aljihu. Da ta shiga ɗakin aka ba ta kujera kusa da ƙofa, aka miƙa mata shayi kamar baƙuwa. Ta zauna tana kallon hannun Nélida, tana neman kuskure. Ta ga wuri biyu da ita da ba haka za ta yi ba, amma ba kuskure ba ne, ta kuma sani.

Wajen azahar yaro ya faɗo, namiji, da kukansa. Mabiyiya ta biyo baya. Aka fara murna, Dionisia har ta leƙa waje tana faɗa wa maza. Zenobia ce ta fara ganin bargon da ke ƙasa yana jiƙewa. Nélida ma ta gani. Ta durƙusa ta danne marar Marcelina da hannu biyu tana murzawa, fuskarta ta canza.

"Doña, hannuna ba sarari. Allurar na hammatata ta hagu. Ki zaro ki yi mata."

Zenobia ta riga ta miƙe, kuma hannunta na dama ya riga ya shiga aljihu. Ta sa na hagu ta zaro ta yarinyar. Sai ga ta tsaye a tsakiyar ɗaki da kwalba biyu, ɗaya a kowane tafi.

Abin da ya fara ba ta mamaki ɗumin ne. Shekara biyu tana gaya wa kanta cewa ta Nélida ɗanya ce, mai sanyi, ba ta taɓa taɓa ta ba. Ga ta a hannunta da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai, har ta fi tata. Kuma fara ce tas, kamar ruwan rijiya. Ta kara su biyun a jikin farar rigarta. Ɗaya ruwa, ɗaya shayi. In ɗumi ne ke kawo launi, me ya hana wannan yin launi? Sai ta tuna jan siket ɗinta da ta manta a kan igiya sati guda, yadda rana ta shanye shi ya koma kamar tsumma. Ta tuna mata uku. Ta tuna goma sha ɗaya.

Duk da haka sai da wani abu a cikinta ya ce ta fasa tata. Ba wanda ke kallo. In jinin ya tsaya, ta ɗaga kwalbar da ba komai a ciki ta nuna wa Dionisia, ta nuna wa surukin, ta nuna wa garin nan kaf. Babban yatsanta har ya hau wuyan kwalbar.

"Madrina," in ji Marcelina, muryar can ƙasa, "sanyi nake ji."

Zenobia ta mayar da tata aljihu. Ta ɗora ta Nélida a kumatun Marcelina.

"Ji nan, da ɗuminta."

Ta fasa, ta zuƙa, ta soka a cinya. Suka jira. Nélida na murzawa, Zenobia ta ɗauki jaririn ta manna shi a nono. Can Nélida ta ce mahaifar ta fara tauri a ƙarƙashin hannunta. Jinin ya rage, ya koma ɗigo, ya tsaya.

Kafin a gama wanke ɗaki labari ya fita tsakar gida: allurar hammata ta sake yi. Surukin ya shigo ya kama hannun Nélida da nasa biyu yana godiya, idonsa da hawaye. Dionisia ta ɗaure mata cuku guda da rabin cinyar rago. Ita Zenobia aka ce mata sannu da zama, aka ƙara mata shayi. Hannunta ne ya yi allurar, a gaban idon Dionisia, amma ba wanda ya ambata. Ta ji dankalin nan ya dawo ya tokare ta a inda ya saba.

Tare suka fito da la'asar. Nélida ba ta hau babur ɗin ba, ta riƙa tura shi a gefenta. Da suka yi nisa, sai Zenobia ta zaro kwalbar daga aljihu ta miƙa mata, tana kallon wani wuri. Nélida ta ɗaga ta sama, ta daɗe tana dubawa, ta tambaya a ina take kwana. Da ta ji, sai ta tsaya cak a kan hanya.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma Zenobia ta so a ce ta ɗaga. Nélida ta ce haske ne ke karya maganin tun yana narke cikin ruwansa, ko da zafi ko babu. Wata guda a hasken ɗaki ma yana rage masa ƙarfi sosai, balle ranar tudun nan da ke ƙona kumatun yara. Launin da ya fito alamar mutuwarsa ce. Duk kwalbar da aka kara da ruwa aka ga ta bambanta, ta zubarwa ce. Tsofaffin kwalabe masu duhu su suka riƙa kare shi a da, da kuma saurin ƙarewa. Ta ce laifinta ne ita ma, da ta yi maganar a gaban mutane a wancan satin, ba ta kuma sake bi ba. Ta ce ita ma a wurin Doña ta koyi ɗumama allura, don kafin ta zo an gaya mata matan Wilapampa ba sa karɓar mai sanyi, kuma an gaya mata wadda ta sa suka fara karɓa.

Wannan ya ƙara ɓata wa Zenobia rai. Ko faɗa yarinyar nan ba za ta bari a yi da ita ba.

Nélida ta ce ba sai kowa ya ji ba. Ta kawo sauran kwalaben gobe a zubar, magana ta mutu a tsakaninsu.

Zenobia ta auna maganar. In magana ta mutu, to a bakin matan benci hannunta ya huce ke nan har abada, ba laifinta ba ne, tsufa ne, a tausaya mata a riƙa ba ta kujera kusa da ƙofa. In kuwa aka ji, za a san ita ta kusa kashe mata uku da taurin kai da ɗan faranti mai fure. Amma za a san hannun yana nan da ransa. Ta dubi hannun, ta dubi cukun da ke lilo a bayan babur. Ta kuma tuna akwai gidaje a ƙauyukan tudu da suka koyi ajiye maganin yara a bakin taga don sun ga Doña Zenobia na yi.

Sun iso mararrabar gidanta. Rana na dukan rufin robar, daga nan ana hango farantin yana ƙyalli. Ta gyara hularta.

"Ranar Alhamis benci zai cika, ranar awo ce. Ki zo da taki kwalbar, ni zan zo da farantin. Amma ni zan yi maganar, da bakina, ke ki tsaya a bayana ki riƙe su kawai. Kada ki riga ni ko da kalma ɗaya, mamita. Kuma safar nan taki, in tana da 'yar'uwa, ki ara mini ita."